TARIHIN RENON TUSHEN JINI A ƊAKIN BINCIKE DA MATSAYINSA GA MUTANEN WURNO, RABAH DA GORONYO

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wani reshe na ilmin likitanci wanda bai fi shekara sittin da 'yan kai da tsirowa ba, watau ƙoƙarin da masana ke yi na renon ƙwayoyin da ke haifar da jinin ɗan Adam a wajen jiki, cikin wasu kayayyaki da aka ƙera musamman domin su tsaya a madadin ɓargo. Wanda ya ji batun daga nesa zai ɗauka al'amari ne na Amurka da Turai da Japan, wanda bai shafi mai noman albasa a fadamar Wurno ba, ko makiyayi a ƙasar Rabah, ko masunci a bakin madatsar ruwa ta Goronyo. Alhali kuwa ya shafe su ƙwarai, domin cutar amosanin jini, wadda ake kira sikila, tana daga cikin cututtukan da dashen waɗannan ƙwayoyi ke warkarwa baki ɗaya, Nijeriya kuma ita ce ƙasar da ta fi kowace a duniya yawan jariran da ake haifa da wannan cuta.

Masana sun tabbatar da samuwar ƙwayar tun a 1961, amma sun shafe fiye da rabin ƙarni kafin su iya yawaita ta a waje, domin da farko ƙwayar kawai suka sa wa ido, ba su kula da wurin zamanta ba. Sai da suka koma ga gina mata mazauni sa'an nan al'amari ya soma kankama. Za a nuna a nan cewa irin wannan ƙa'ida ita ce ke tsakanin sabon magani da jama'ar da ake so ya isa gare su.

Jini da Tushensa

Babban mutum yana da jini kimanin lita 5 a jikinsa. A cikin wannan jini akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iskar oksijin ko'ina cikin jiki, da farare masu yaƙi da cuta, da wasu ƙanana masu daskarar da jini idan an ji rauni. Galibinsu ba su da dogon kwana. Jar ƙwaya takan yi kwana 120 ta mutu, saboda haka dole ɓargon ƙashi ya ƙera sababbi fiye da miliyan 2 a kowane sakan, dare da rana, tun daga haihuwa har zuwa mutuwa.

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan wasu 'yan ƙwayoyi ƙalilan da ke kwance cikin ɓargo, waɗanda za a kira ƙwayoyin tushe a cikin wannan lacca. Wani bincike da aka yi a Ingila a 2018 ya ƙiyasta cewa masu aiki daga cikinsu a jikin babban mutum ba su wuce 50,000 zuwa 200,000 ba. Ƙwayar tushe tana da hali biyu. Tana iya haifar da kowane irin ƙwayar jini, tana kuma iya haifar da wata ƙwayar tushe irinta. Misalinta kamar manomi ne mai hankali, wanda kowace kaka yakan ware iri ya ajiye kafin a ci sauran hatsi. Babbar matsalar da masana suka yi ta fama da ita ita ce, da zarar an fitar da ƙwayar daga ɓargo aka sa ta a kwanon gwaji, sai ta rikiɗe gaba ɗaya ta zama ƙwayoyin jini na yau da kullum, watau a cinye hatsi har da irin shuka.

Amosanin Jini a Ƙasar Hausa

Cutar amosanin jini ta daɗe a Afirka ta Yamma tun kafin a san sababinta. Hausawa sun san yaron da ke fama da ciwon gaɓoɓi lokacin sanyi, idonsa ya yi rawaya, hannuwansa su kumbura, sun kuma san gidan da ake yin wabi, ana haihuwa 'ya'yan na komawa tun suna ƙanana. Wasu masu bincike sun danganta wani kaso na irin wannan mace-mace, wanda Yarabawa ke kira abiku, Ibo kuma ogbanje, da wannan cuta. Likitan nan ɗan Saliyo, Africanus Horton, ya siffanta alamominta a littafinsa na 1874. A 1910 ne James Herrick na birnin Shikago ya ba da rahoton wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada wanda aka ga jajayen ƙwayoyin jininsa sun lanƙwashe kamar lauje. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa aibin yana cikin himogulobin, watau sinadarin da ke riƙe iska a cikin jar ƙwaya, sa'an nan Vernon Ingram ya gano a 1956 zuwa 1957 cewa ɗigo ɗaya tak ne ya sauya a cikin jerin sinadarin. Ƙwayar da ta lanƙwashe takan toshe ƙananan jijiyoyi, abin da ke jawo azabar ciwo, ba ta kuma wuce kwana 10 zuwa 20 a raye, shi ya sa mai cutar kullum yake cikin ƙarancin jini.

Abin tambaya shi ne, me ya sa gadon da ke kisa bai ƙare ba? Anthony Allison ya ba da amsa a 1954 daga binciken da ya yi a Afirka ta Gabas. Wanda ya gaji cutar daga ɓangare ɗaya kawai, ko uwa ko uba, ba ya ciwo, ya kuma fi sauran yara jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Don haka duk inda sauro ya yi ƙarfi, nan gadon ke yawaita. An ga tabbacin wannan a ƙasar Hausa kanta, a cikin babban binciken zazzaɓi da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, daga 1969 zuwa 1976. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsa sun buga sakamakon a 1979. Sun tarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jarirai suna ɗauke da gadon ɓangare ɗaya, kimanin biyu cikin ɗari kuma an haife su da cikakkiyar cutar. Amma a cikin waɗanda suka haura shekara tara, masu cikakkiyar cutar ba su kai ɗaya cikin dubu ba. Ma'anar wannan a fili take: kusan dukkansu sun rasu tun suna ƙanana, galibi ba tare da an san abin da ya kashe su ba.

Lissafin ba shi da wuya. Idan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da gadon, to aure ɗaya cikin 16 zai haɗa masu gadon biyu, kuma a irin wannan aure kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Ke nan jariri ɗaya cikin 64. Auren zumunci yakan ƙara wannan adadi. Ƙwarin Rima, inda Wurno da Goronyo suke, da ƙwarin gulbin Sakkwato inda Rabah take, duk suna cikin yanki ɗaya da Garki ta fuskar yanayi da zazzaɓi. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, mai iya riƙe ruwa mita miliyan 942 na ma'aunin murabba'i mai zurfi, ta bunƙasa noman rani ƙwarai, sai dai ruwan da ke raya shinkafa da albasa da tafarnuwa shi ne kuma ke raya sauro, zazzaɓi kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke halaka yaro mai sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar kowace shekara a Nijeriya.

Neman Likita daga Wurno zuwa Rabah

Kafin a duba abin da aka yi a ƙasashen waje, ya kamata a tuna cewa neman ilmin magani daga duk inda yake tsohuwar al'ada ce a wannan yanki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya gina Wurno a matsayin ribaɗi wajen 1830, a can ya rasu, a can kuma kabarinsa yake. Cikin littattafai masu yawa da ya wallafa akwai na ilmin magani, har da waɗanda ya keɓe ga ciwon ido, da basur, da amfanin filasko. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, abu biyu da Bello ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa su ne wakili da likita. An kuwa sa likita cikin tawagar da ta taso a 1825, mai suna Dickson, amma bai iso ba, ya ɓace a hanya bayan ya ratsa Dahomey. Shi kansa Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827.

Tattaɓa-kunnen Bello, watau Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah a 1910, ya zama hakiminta a 1934, sa'an nan Firimiyan Jihar Arewa a 1954, ya bi wata hanya dabam. Ya ga cewa jiran likita daga waje ba zai fisshe ƙasa ba, gara a kafa wurin da za a horar da na gida. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962, sashenta na likitanci kuma ya soma aiki a 1967, shekara guda bayan rasuwarsa. A wannan sashe ne aka yi aikin jini na binciken Garki da aka ambata. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ita da asibitin koyarwarta, ci gaban wannan tunani ne.

Gano Ƙwayar Tushe da Fara Dashe

Masanin nan ɗan Rasha, Alexander Maximow, ya faɗa a birnin Balin a 1909 cewa lalle dukkan ƙwayoyin jini daga uwa ɗaya suka fito, amma ba shi da hanyar tabbatarwa. Abin da ya tilasta wa duniya komawa ga batun shi ne bom ɗin atom da aka jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Mutane da yawa da suka tsira daga wutar sun mutu bayan 'yan makonni, domin tiririn bom ɗin ya ƙone musu ɓargo, jininsu ya daina sabuntuwa. A 1949 Leon Jacobson ya lura cewa ɓeran da aka kare masa saifa da dalma yakan tsira daga irin wannan tiriri, a 1951 kuma Egon Lorenz ya nuna cewa allurar ɓargon lafiyayyen ɓera tana ceton wanda aka ƙone.

Daga nan likitoci suka gwada a kan mutane. Donnall Thomas na Amurka ya ba da rahoton gwajinsa na farko a 1957, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1990. Yawancin marasa lafiyan farko sun mutu, domin ba a san cewa sai jinin mai bayarwa ya dace da na mai karɓa ta wasu alamomin gado ba. Idan ba su dace ba, ko dai jiki ya ƙi baƙon ɓargo, ko kuma baƙon ɓargon ya juya ya yaƙi jikin. Sai a 1968 Robert Good ya yi nasarar dasa wa wani jariri ɓargon 'yar'uwarsa a Minnesota.

A tsakanin haka ne James Till da Ernest McCulloch na birnin Toronto a Kanada suka ga abin da Maximow ya yi hasashe. A 1961 sun yi wa ɓerayen da aka ƙone allurar ɓargo, bayan kwana goma sai suka tarar da wasu ƙulle-ƙulle a kan saifarsu, yawan ƙullin kuma daidai da yawan ɓargon da aka zuba. A 1963, tare da Andrew Becker, suka tabbatar cewa kowane ƙulli zuriyar ƙwaya ɗaya ce.

Sikila ta shigo wannan tarihi ne ba da niyya ba. A 1984 likitocin asibitin St. Jude da ke Memphis sun ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara takwas mai sankarar jini, wadda kuma take da sikila. An dasa mata ɓargon ɗan'uwanta domin sankarar, sai aka wayi gari cututtukan biyu duk sun tafi. Sa'an nan a 1988 Eliane Gluckman ta birnin Paris ta nuna cewa jinin da ya rage a cibiya da mabiyiya bayan haihuwa yana ɗauke da ƙwayoyin tushe da za a iya dasawa.

Inda Gizo Ke Saƙa

Da dashe ya wadatar, da ba a bukaci reno ba. Amma akwai cikas uku. Na farko, tsakanin 'yan'uwa shaƙiƙai damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu, kuma dole mai bayarwa ya zama shi ba shi da cutar, saboda haka masu sikila da ke da irin wannan ɗan'uwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Rajistocin masu ba da ɓargo na duniya kuwa galibinsu Turawa ne, alhali alamomin gado na 'yan Afirka sun fi na kowa bambanta. Na biyu, jinin cibiya ba ya bukatar dacewa mai tsanani, amma ɗan kaɗan ne, yakan ishi ƙaramin yaro, ba ya isar babba. Na uku, sabuwar dabarar gyara ƙwayoyin majinyaci da kansa, wadda Ingila da Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2023 da sunan Casgevy, tana bukatar a tara ƙwayoyi masu yawa daga jikin mai ciwo, a riƙe su a waje ana aiki a kansu, kuma an sa mata farashi dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Dukkan cikas ɗin nan uku za su yi sauƙi in da za a iya ɗaukar ƙwayoyi kaɗan a mai da su masu yawa ba tare da sun rasa halinsu na tushe ba.

Hasken farko ya fito daga birnin Manchester. A 1977 Michael Dexter ya gano cewa idan aka bar sauran ƙwayoyin ɓargo, har da masu kitse, suka shimfiɗu a gindin kwalba, to ƙirar jini takan ci gaba a kansu har tsawon watanni. A shekarar da ta biyo, abokin aikinsa Ray Schofield ya fitar da ra'ayin da ya zama ginshiƙin fannin, cewa ƙwayar tushe tana riƙe halinta ne muddin tana zaune a wani keɓaɓɓen gurbi cikin ɓargo, in ta bar gurbin sai ta soma rikiɗa. Duk da haka, shekaru ashirin da suka biyo baya an fi mai da hankali ga sinadaran da ke sa ƙwayoyi hayayyafa, waɗanda aka yi ta ganowa ɗaya bayan ɗaya. An zuba su a kwano, ƙwayoyi sun yawaita ƙwarai, amma da aka dasa su sai aka tarar tushen ya ƙare.

Ƙera Gurbi

Abin da ya sauya al'amari shi ne shigowar injiniyoyi da masana sinadarai cikin aikin. A 2006 Dennis Discher da ɗalibansa a Jami'ar Pennsylvania sun nuna, da wani nau'in ƙwayar ɓargo dabam, cewa taushi ko taurin abin da ƙwaya ke zaune a kai yana juya makomarta: a kan abu mai laushi sai ta karkata ga zama ta jijiyar ƙwaƙwalwa, a kan matsakaici ta tsoka, a kan mai tauri ta ƙashi. Nan take aka gane cewa kwanon roba na ɗakin bincike, wanda ya fi ɓargo tauri nesa ba kusa ba, shi kansa yana cikin abin da ke ɓata aikin. A 2010 masana a birnin Sidni na Ostareliya suka shafe kwano da wani furotin mai talewa kamar danƙo, suka sami ƙarin ƙwayoyin tushen jini ninki biyu zuwa uku.

Daga nan aka kasu hanya biyu. Masu bin hanya ta farko sun yi ƙoƙarin kwaikwayon ɓargo da siffarsa, watau soso mai ramuka wanda ruwa ke ratsawa. A 2014 ƙungiyar Donald Ingber a Jami'ar Harvard ta dasa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ɓera har mako takwas, ƙashi da ɓargo suka tsiro a cikinta, sa'an nan aka ciro ta aka ci gaba da shayar da ita ta ƙananan bututu. A 2018 ƙungiyar Ivan Martin a Basel ta ƙasar Suwizalan ta yi amfani da wani soso na tangaran mai sinadarin ƙashi, ta shuka ƙwayoyin ɓargon mutum a kansa har suka lulluɓe shi, sa'an nan ta zuba ƙwayoyin tushe daga jinin cibiya.

Masu bin hanya ta biyu sun nemi abu mai sauƙi wanda zai lulluɓe ƙwayar ya kare ta. A 2019 masana a birnin Seattle sun ƙera wani abu mai kama da ƙaro idan ya sha ruwa ya kumbura, wanda furotin ba ya manne masa, suka binne ƙwayoyin cibiya a ciki. Sun ba da rahoton ƙarin ƙwayoyin tushe masu dogon zango ninki 73, waɗanda suka rayu a jikin ɓeraye wata shida. A wannan shekara kuma Adam Wilkinson da Satoshi Yamazaki da Hiromitsu Nakauchi, tsakanin Tokyo da Stanford, suka gano wani abu mai ban mamaki. Furotin ɗin jini da aka saba zubawa a ruwan reno yana zuwa da ƙazanta da ke tunzura ƙwayoyin su rikiɗe. Da suka maye gurbinsa da wani sinadari mai arha da ake sawa a gam ɗin liƙa takarda na 'yan makaranta, sai ƙwayoyin tushen ɓera suka ƙaru ninki 236 zuwa 899 cikin wata guda. Yawan ya kai har an dasa su a jikin ɓeraye sun kama ba tare da an fara ƙone tsohon ɓargo ba. Wannan yana da muhimmanci ga masu sikila, domin magungunan da ake kashe tsohon ɓargo da su kafin dashe sukan hana haihuwa. A 2023 ƙungiyar Yamazaki ta kai dabarar ga ƙwayoyin mutum, da wani sinadari ɗan'uwan wancan, ta rene su har kwana 30.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin da aka cim ma. Galibin waɗannan sakamako a kan ɓeraye aka same su, ko a kan ƙwayoyin mutum da aka dasa wa ɓeraye. Jinin cibiya da aka yawaita a waje wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Afrilu na 2023, mai suna Omisirge, da wani ɗan'uwan bitamin aka rene shi, kuma domin masu sankarar jini aka ba da izninsa a lokacin.

Matsayin Nijeriya

An yi dashen ɓargo na farko a Nijeriya a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin jagorancin Dakta Nosakhare Bazuaye, da taimakon likitocin Basel. Yaro ne ɗan shekara bakwai mai sikila, ɗan'uwansa ya ba shi. An buɗe rajistar masu ba da ɓargo a Inugu a 2012. A 2024 kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya suka soma nasu dashen. Duk waɗannan wurare suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga Wurno, kuɗin aikin kuma ya fi ƙarfin ma'aikaci, balle manomi.

Gudummawar Arewa ta fito ne ta wata fuska. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Asibitin Murtala Muhammad, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun gwada maganin haidiroksiyuriya a kan yara 220 da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, suka buga sakamakon a 2022. Sun nuna cewa ko ƙaramin awo na wannan magani mai arha yana kare yaran. Tun 1986 kuma aka tabbatar a Amurka cewa shan fenisilin kullum yana rage mugun ciwon jini na ƙwayoyin cuta ga yara masu sikila da kashi 84 cikin ɗari. Da irin waɗannan matakai ne, haɗe da gwajin jarirai da rigakafi, ƙasashe masu arziki suka kai ga fiye da tara cikin goma na masu cutar suna girma su zama manya.

Kammalawa

Darasin da Schofield ya koya wa masana, cewa ƙwaya mai kyau ba ta da amfani in babu gurbin da zai riƙe ta, ya dace da halin gabashin Sakkwato. Ko da gobe aka wayi gari ana iya yawaita ƙwayoyin tushe a kan arha, ba za su amfani yaron Rabah ba sai an san yana da cutar, ya rayu har ya isa dashe, akwai jinin da za a ƙara masa, akwai wutar lantarki da ba ta yankewa, akwai kuma hanyar da za a bi da shi lafiya. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a yankin da 'yan bindiga suka addaba, kamar yadda harin kasuwar Goronyo na Oktoba 2021 ya nuna.

Saboda haka akwai aiki a gaban ma'aikatan gwamnati wanda bai jira wani sabon bincike ba. Na farko shi ne gwajin jinin jarirai a asibitocin ƙananan hukumomi, wanda yanzu ana iya yinsa da ɗigon jini cikin 'yan mintoci, tare da ajiye rajista mai kyau, domin ba a tsara wa abin da ba a ƙidaya ba. Na biyu shi ne tabbatar da fenisilin da haidiroksiyuriya da gidan sauro da rigakafi ga duk yaron da aka gano. Na uku shi ne gwaji kafin aure, wanda Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, amma a haɗa shi da bayani daga malamai da sarakuna, domin kada mai gadon ɓangare ɗaya, wanda lafiyarsa ƙalau, ya zama abin ƙyama. Na huɗu shi ne ƙarfafa ma'ajiyar jini a Sakkwato da manyan asibitocin yankin. Idan an kai ga tunanin ajiye jinin cibiya, ya kyautu jama'a su san cewa jinin kawai ake ɗiba, ba a hana iyali binne mabiyiya yadda aka saba.

Ga ɗalibai kuwa, tarihin ya nuna cewa fannin ya ci gaba ne lokacin da likita da injiniya da masanin sinadarai suka zauna wuri ɗaya. Till masanin fizis ne, McCulloch likita, Discher kuma injiniya. Mai karatun kimiyyar sinadarai ko injiniyanci a Sakkwato ko Zariya ko Kano yana da rabo a wannan aiki daidai da mai karatun likitanci, kuma dabarar da ta dogara ga sinadari mai arha ta fi dacewa da ɗakunan bincike irin na Nijeriya. Muhammadu Bello ya nemi likita ɗaya a 1824 bai samu ba, tattaɓa-kunnensa na Rabah ya kafa makarantar horar da su. Abin da ya rage wa masu riƙe da amanar jama'a a yau shi ne su tabbatar cewa jaririn da aka haifa da amosanin jini a Wurno ko Rabah ko Goronyo ya wuce shekara biyar da rai, domin sai mai rai ake yi wa dashe.